Jan Hannun da ke Bayan Injin

Sheda, Abuja
8 ga Yuli

Zuwa ga Kawu Zakiyyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Inna Fatu da duk mutanen Gembu. Yaya damina, yaya sanyi? Mu nan lafiya lau, sai mura da ta ɗan taɓa ni, ita ma ta sake ni.

Na san za ka yi mamakin wannan wasiƙa, don sau biyu kacal muka taɓa haɗuwa. Ni ce Amatullah, 'yar Rumasa'u, jikar Goggo Dija yayar mahaifinka. Mama ce ta ce kada in wahalar da kaina da kiran waya, kunnenka ya yi nauyi, in rubuta in ba Badamasi direba mai kawo piya Abuja duk mako.

Shekara guda ke nan ina aiki a wani ƙaramin gidan tarihi da wata gidauniya ta gina a bakin hanyar Sheda. Ni aka ba ɗakin tarihin kwamfuta. Na jera kayana tun daga allon duwatsun ƙidaya, da injin lissafi mai hannu kamar na markaɗe, da hoton Baturen nan da ya zana injin lissafi na ƙarfe ya mutu bai gama ƙera shi ba, da na matar da ta fara tsara yadda za a ba injin umarni, har zuwa wayar hannu. To watan jiya aka kawo mana wata tsohuwar kwamfuta daga sito na wata ma'aikata. Akwatunan ƙarfe biyar, kowanne ya fi ni tsawo. Ƙarti takwas ne suka shigo da ita. Akwai manyan faya-fayan tef, da kwalaye cike da katuna masu huji. A cikin ƙofar akwati na farko an rubuta Legas, 1977. Da na gaya wa Mama sunan ma'aikatar sai ta ce, "Ai injin Kawunki ne. Shi ne mutum na farko a zuriyarmu da ya taɓa kwamfuta, shi ya sa har yau ake ce masa Injiniya."

Ga matsalar. Oga Darakta ya ce lallai sai an kunna ta ranar buɗe gidan, 19 ga Satumba, don yaran makarantun Bwari da Kwali su ga fitilunta suna ƙyafta ido. Littafin da ke bayanin yadda ake sarrafa ta gara ta cinye shi. Mai kula mana da lantarki, Meshach, mutumin Kagoro ne, gwani ne kuma mai natsuwa, amma ya ce bai taɓa ganin irinta ba ko a makaranta.

Kawu, ba zan ɓoye maka ba, injin nan tsoro yake ba ni. In na buɗe bayansa wani wari ke fitowa kamar na tsohon man gyaɗa, ga wasu gwangwanaye manya-manya a jere, wasu sun kumbura. Na faɗa wa Oga, ya yi dariya ya ce mace da tsoro. Don Allah ka taimake ni. Ka rubuto mini yadda ake kunna ta, da abin da ake yi in ta yi gardama.

Ka gaida Inna Fatu.

'Yarka,
Amatullah

Gembu
17 ga Yuli

Zuwa ga 'yata Amatullah,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Wasiƙarki ta same mu lafiya, alhamdulillahi. Ruwa dai kullum, ƙafar Innarki tana ta da mata in sanyi ya sauko, amma da sauƙi. Allah ya yi miki albarka da kika tuna da tsoho. Na tuna ki sarai, ke ce mai yawan tambaya a bikin gidan Alhaji Umar Farouk.

Kin tayar mini da abin da na daɗe da binnewa. Injin nan a hawa na uku yake zaune a Legas, cikin ɗakin da babu taga. Gari ana zufa kamar a gidan burodi, mu muna ciki da rigar sanyi, don in ɗakin ya yi ɗumi sai injin ya rikice. Ba a shiga da takalmi. Ba a shiga da ko ƙwayar gyaɗa. A lokacin babu allon da za ki danna ki ga rubutu. Abin da kike son gaya wa injin, sai a huda shi a kati, layi ɗaya kati ɗaya. Aiki guda yakan ci kati dubu biyu. A zuba su a bakinsa ya haɗiye, a jira, wani lokaci har gobe, sannan firinta ta amayo amsa. Ƙarar firintar nan kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano, daga safe har yamma. Ita ta cinye mini kunne. Da aka dawo da ma'aikata Abuja an taho da shi a tirela, amma bai ƙara aiki ba, don ƙananan kwamfutoci na kan tebur sun riga sun fito. Yau an ce wayar da ke hannunki ta fi shi ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Ikon Allah.

Shawarata, ku bar shi ya kwanta. Abin da ya yi barcin shekara talatin ba a tashinsa da gaggawa. Ku goge shi, ku sa masa igiya a kewaye, yara su kalla daga nesa.

Amma na san halin manya, in sun ce a yi sai an yi. To in ya zama dole, mukan fara kunna akwati na ɗaya, a jira fankokinsa su daidaita, sannan na biyu, a bi su a jere. In kuka ji wari ko kuka ga hayaƙi, jan hannun da ke bayan akwati na biyu shi ne farko. Sauran sai a bi a hankali. Shekaru sun ja, ba komai nake riƙe da shi ba.

Ki gaida Rumasa'u, ki ce ta yi zumunci.

Kawunki,
Zakiyyu

Gwagwalada
31 ga Yuli

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ni jikina lafiya. A barandar asibiti nake rubuta maka, a kan gwiwata, ka yi haƙuri da rubutun.

Jiya Talata da safe muka kunna injin. Na kai wa Oga shawararka ta a bar shi, ya ce ai tunda injiniyan da ya yi aiki da shi ya rubuto hanya, magana ta ƙare. Meshach ya kunna na ɗaya, fanka ta tashi. Ya kunna na biyu. Fitilu suka kama, ja da kore, har Oga ya tafa. Ba a yi minti biyar ba sai wari ya tashi kamar ana babbakar gashi, hayaƙi ya fara fita ta ƙasan akwati na biyu. Na ruga na kashe wutar bango da hannuna. Fanka ta tsaya, amma hayaƙin bai tsaya ba.

Wasiƙarka tana aljihuna. Na ciro na karanta da ƙarfi: jan hannun da ke bayan akwati na biyu shi ne farko. Meshach ya zagaya baya, ya ce, "Anti, hannu biyu ne a nan. Wanne?" Na leƙa. Duk biyun tsatsa ta rufe su. Ɗaya na murɗawa ne, ɗaya na ja. Na ce, "Kawu ya ce a ja. Ja wancan."

Ya ja. Wata durowa ce ta fito, da gwangwanayen nan a ciki. Ta fito da nauyi, ya kai ɗaya hannun zai tare ta. Kawu, na ji ƙara kamar an tsula bulala. Na ga wani haske shuɗi. Meshach ya yi sama ya faɗo ta baya, ƙeyarsa ta bugi siminti.

Har yanzu bai farfaɗo ba. Likita ya ce ƙunar hannun mai sauƙi ce a kan bugun kan, jini ya taru a ciki, sun yi masa aiki jiya da la'asar. Matarsa Prudence tana zaune can ƙarshen benci da goyo. 'Ya'yansu uku. Ba ta san abin da ya faru a ɗakin ba tukuna, har ruwa ta miƙo mini ɗazu.

Abin da ya fi tsorata ni, na riga na kashe wutar. Da idona na ga fanka ta tsaya. To daga ina wutar da ta jefar da shi ta fito? Me ke cikin injin nan? Ni na yi kuskure, ko haka yake yi? Don Allah ka ba Badamasi amsa a wannan zuwan, kada ka jira mako ya zagayo.

Amatullah

Sheda
14 ga Agusta

Zuwa ga Kawu Zakiyyu,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Mako biyu ke nan. Na je tasha sau uku, ba Badamasi ba labarinsa, wayarsa ba ta shiga. Wannan zan ba wani direban Jalingo, ya ce zai san yadda zai yi ta iso. In jikinka ne ko na Inna, a sa wani ya sanar da Mama. In kuma fushi ka yi don na ɓata aikin da ka koya mini, ka faɗa mini, ya fi mini wannan shirun.

Meshach yana nan yadda yake. Yakan motsa ƙafa, shi ke nan. Ranar Lahadi mutanen cocinsu suka cika barandar suna addu'a. Bayan sun watse Prudence ta zo ta tsaya a kaina. Wani ya gaya mata. Ta ce, "Anti, wai ke ne ka ce masa ya ja?" Na ce ni ce. Ba ta zage ni ba. Ta ɗauki jakarta ta koma wancan bencin, tun ranar ba ta ƙara kallon inda nake ba. Abinci ba ya shiga mini. Ko sokat na gani a bango sai gabana ya faɗi. Dutsen guga ma na daina taɓawa.

An ba ni takardar tuhuma. An kafa kwamiti, za su zauna farkon Satumba. Oga ya rubuta musu cewa ni na ba da umarni ba tare da izininsa ba, alhali yana tsaye yana tafi. Wani a ofis ya raɗa mini cewa in Meshach ya mutu, maganar 'yan sanda ce.

Amma ba wannan ne ya sa na rubuto ba. Kawu, Oga bai fasa ba. Ya ce an riga an buga katin gayyata. Ya ɗauko wani mai gyaran janareta, Godspower, ya ce ya canja wayar da ta ƙone, a sake gwadawa ranar 10 ga Satumba, ranar buki kuma a kunna a gaban yara. Yara ɗari biyu, a ɗakin da ƙofarsa ɗaya ce. Na ce masa kada a yi, ya ce wadda ke gaban kwamiti ba ta da bakin magana.

Kai kaɗai za su saurara. Ka rubuto da sunanka da muƙaminka na injiniya, ka bayyana haɗarin, in kai wa shugabannin gidauniya. Kuma ina neman izininka in nuna wa kwamiti wasiƙarka ta farko.

'Yarka,
Amatullah

Gembu
26 ga Agusta

'Yata Amatullah,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ba ciwo ba ne. Hanya ce ta zaftare a hawan dutse, mota ba ta hawa ba ta sauka, Badamasi ya maƙale a ƙasa. Jiya aka kawo mini wasiƙunki biyu a tare. Na karanta ta farko a tsaye. Ta biyun sai da na zauna.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya tashi kafaɗar bawan Allah nan.

Amatu, ban ce a ja komai ba. Ja na launi nake nufi. Hannun da aka shafa wa jan fenti, wanda ake murɗawa. Ban yi tunanin shekara arba'in za ta cinye fentin ba. Ba ki yi kuskuren karatu ba, ni na yi kuskuren rubutu. Ki nuna wa kwamiti wasiƙar.

Da a nan zan tsaya. Na ma ninke takardar. Sai na tuna yaran nan ɗari biyu, na sake buɗewa.

Ba zan iya rubuta wa shugabanninku a matsayin injiniya ba, domin ni ba injiniya ba ne. Ban taɓa zama ba. Masinja aka ɗauke ni a 1976, da takardar firamare. Aikina in ɗauko katuna daga ɗakin masu hudawa a ƙasa in kai hawa na uku, in zauna gefen firinta in yage takarda in rarraba ofis-ofis. Ban taɓa kunna injin nan ba ko sau ɗaya. Ba a yarda in taɓa shi ba sai da tsumman goge ƙura.

Wata sallah na zo gida da hoton da aka ɗauke ni a tsaye kusa da shi, sanye da farar rigar wani da na ara. Mahaifina ya zagaya gari da hoton yana cewa ɗansa ne ke tuƙa injin mai tunani. Na ga yadda fuskarsa take, na kasa cewa a'a. Na ce gobe zan gyara. Ya rasu ban gyara ba. Da sunan aka ba ni Innarki. Ita ma ba ta sani ba har yau da nake rubutun nan.

Abin da na rubuto miki, abin da idona ya gani ne daga kujerata. Nakan ga in injin ya yi wari, ana zagayawa a murɗa jan hannun. Bayan nan nakan ga an ɗauko wata sanda mai waya a jiki ana taɓa gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya kafin kowa ya sa hannu. Ban san amfanin sandar ba, shi ya sa ban ambace ta ba. Na ji tsoron ki tambaye ni dalili in rasa amsa. Kin roƙe ni taimako, ni kuwa sunana nake karewa. Da na ce miki ban sani ba, da yanzu mutumin nan yana gidansa.

Wadda ta san injin mace ce, Madam Perpetual, mutuniyar Pankshin. Da huda kati ta fara, ta koyi sauran a wurin Turawan da suka kafa shi, har suka tafi suka bar mata. Takardun yabo oganmu ke karɓa, amma in injin ya tsaya ita ake nema ko tana coci. Ita ke riƙe sandar. Rabona da labarinta shekara goma sha biyu. An ce bayan ta yi ritaya ta buɗe shagon buga takardu a Karmo, kusa da wata coci mai shuɗin kwano. Ban sani ba ko tana raye.

Ki neme ta, don girman Allah. Kada ki bari a kunna injin nan. Ba na neman ki yafe mini yanzu.

Zakiyyu

Sheda
6 ga Satumba

Kawu,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarka. Ina lafiya. Meshach ya buɗe ido ranar Litinin, amma ba ya magana, ba ya gane kowa.

Ban san me zan ce maka ba, don haka ba zan ce komai a kan wancan ba. Tun ina firamare Mama ke cewa in yi karatu in zama kamar Kawu Injiniya. Saboda kai na karanta kwamfuta.

Kwamiti ya zauna shekaranjiya. Na ba su wasiƙarka ta farko. Ɗaya daga cikinsu ya tambaye ni a wace jami'a ka yi karatu. Sai na ciro ta biyun na ajiye musu. Oga ya ce, "Kun gani? Da takardar masinja ta kusa kashe mutum." Kuma gaskiya ya faɗa, wannan ne abin da ya fi ciwo. Sun ɗage zama. Maganar kunna injin kuwa sun ce ba hurumin su ba ne.

Kwana uku ina yawo a Karmo. Cocin mai shuɗin kwano na same ta, amma layin shagunan da ke gefenta an rushe shi tun bara. Lungunan duk taɓo, sau biyu takalmina yana cirewa. Na tambayi masu cajin waya, na tambayi masu kayan miya, ba wanda ya san wata Perpetual. Wata mata ta ce akwai tsohuwa 'yar Filato da ta rasu lokacin bikin Ista, ba ta san sunanta ba.

Godspower ya riga ya canja wayar. Na same shi a keɓe na gaya masa abin da na gani. Ya ce, "Madam, ni ma jikina bai yarda da abin nan ba, amma Oga ya ce." Saura kwana huɗu. Gobe Asabar zan koma Karmo. In ban same ta ba, na yanke shawara ranar Talata zan shiga ɗakin in zauna a gaban akwati na biyu, in za su kunna su kunna da ni. Kada ka gaya wa Mama.

Amatullah

Sheda
20 ga Satumba

Zuwa ga Kawu Zakiyyu,

Assalamu alaikum. Ina fata kai da Inna Fatu kuna lafiya. Na san shirun nan ya dame ka, yanzu ka ɗanɗana. Ni lafiya.

Na same ta. Ashe sunan da nake tambaya ba wanda ya san ta da shi. Wata Bafulatana mai tallar nono ce ta ji ina kwatance, ta ce, "Mama Kwamfuta kike nema? Kullum ni ke kai mata kindirmo." Ta kai ni har ƙofa. Ɗaki ciki da falo, a bayan wani injin niƙa. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, da sanda, idonta ɗaya ya yi yana. Da na ambaci injin sai ta ce, "Yana da rai?" kamar na kawo mata labarin ɗan'uwa. Da na gaya mata an kunna shi, ta dafe kai. "Wane mahaukaci ne ya kunna? Gwangwanin nan yana riƙe wuta a cikinsa ko ka kashe bango. Wuta da zai kashe bijimin sa. Kuma ya tsufa, zai fashe."

Ranar Talata na ɗauko ta a tasi tun da sassafe, amma muka tarar da cunkoso a hanyar Gwagwalada. Muna isa na ji ƙarar fanka tun daga baranda. Kawu, ban san lokacin da na bar tsohuwar na ruga ba. Godspower ya kunna na ɗaya, hannunsa yana kan na biyu, Oga da mutum biyu daga gidauniya suna tsaye. Na shiga tsakaninsa da injin. Na zauna a ƙasa, bayana jingine da ƙarfen, ina jin yana rawa. Oga yana ta ihu a fitar da ni. Sai ga ƙarar sandarta a bakin ƙofa.

Ba ta gaida kowa ba. Ta ce wa Godspower, "Yaro, cire hannunka. Kashe bango." Ya kashe. Ta sa aka samo mata sandar tsintsiya da waya mai kauri da wani ƙwan fitila, ta haɗa abinta a zaune. Ta ce kowa ya matsa. Ta taɓa gwangwani na farko, ƙwan ya kama da haske, alhali babu wuta a ɗakin. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙwan ya daina kamawa. Sannan ta nuna wa mutanen gidauniya guda uku da suka kumbura suna yoyon mai, ta ce, "Wannan, in ya yi zafi minti goma, zai tashi. Yara nawa kun ce?" Ɗayansu ya juya ya kalli Oga. A ranar aka yanke wayar injin gaba ɗaya.

Jiya aka buɗe gidan. Injin yana tsaye a kashe, da igiya a kewaye. Madam ta zauna a kujera gefensa, yara suka yanyame ta, tana nuna musu yadda ake karanta hujin kati. Ni an dakatar da ni wata uku, an ce na yi sakaci, ban musa ba. Oga yana nan a kujerarsa.

Meshach ya fara magana. Ya gane Prudence da yaran. Yatsu biyu na hannun damansa ba sa lanƙwasuwa, likita bai yi alkawarin za su dawo ba, kuma da hannun yake ci. Prudence ta amsa gaisuwata ranar Laraba, a taƙaice.

A hanyar mayar da Madam gida na gaya mata komai game da kai. Na zaci za ta yi tsaki. Sai ta ce, "Zakiyyu dogo? Shekara goma sha ɗaya yana hawa bene da tiren kati, babu lif. In tire ya zube, aikin wata guda ya lalace, don ba mai iya jera su kuma. Kowa ya taɓa zubarwa, har ni. Shi bai taɓa ba. In aiki mai muhimmanci ne, ni na ce a ba Zakiyyu. Me ya sa bai faɗa wannan a gida ba?"

Ta ce kuma in gaya maka, wannan bai wanke ka ba. Ta ce ba ni za ka ba haƙuri a takarda ba, akwai mutum a kwance.

'Yarka,
Amatullah

Gembu
26 ga Satumba

'Yata Amatullah,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Alhamdulillahi da Allah ya tsare ki, ya tsare yaran mutane. Da na kai inda kika zauna a gaban injin sai da na ajiye takardar na fita waje.

Na gaya wa Innarki. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba, a na uku ta ce ta daɗe tana mamakin injiniyan da ba ya iya gyara tocila. Ranar Juma'a bayan an idar na miƙe na gaya wa mutanen masallacinmu. Ban ji abin da suka ce ba, na dai ga bakuna suna motsi. Rumasa'u ni zan rubuta mata da kaina, ki bar mini wannan.

Madam ta yi gaskiya. Ina tafe da Badamasi ranar Laraba, in Allah ya kai mu. Rabona da doguwar tafiya shekara tara, kuma ban taɓa jin tsoron wata tafiya kamar wannan ba. Ki tambayi matarsa tukuna ko za ta yarda in shiga. In ta ce a'a, zan tsaya a baranda har ta yarda ko ta kore ni.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki zo da takarda da biro, ki tsaya kusa da ni. Duk abin da Meshach ya ce, da abin da matarsa ta ce, ki rubuta mini in karanta a wurin. Kada ki sassauta, kada ki rage ko kalma ɗaya.

Kawunki,
Zakiyyu